Azumin Ta Inna

A unguwar Birni, cikin tsohon garin Damagaram, in aka sa ranar biki ba a gaya wa Ramlatu ba, to masu bikin ba su fara shiri ba tukuna. Ita ce mai tukunya. Dambunta da zogale, miyar tausheta, alkakin da take yi wa amare, duk an san su har Zango da Sabon Gari. Amma abin da ta fi alfahari da shi idonta ne. Tana tsaye bakin murhu, hayaƙi na shigar mata hanci, sai ta hango wata baƙuwa can ƙarshen tabarma tana suɗe hannu a hankali don kunyar neman ƙari, nan take ta cika kwano ta ce a kai mata. Takan bugi ƙirji ta ce ba a yi mutumin da zai tashi da yunwa a gabanta ba. Gaskiya ta faɗa kuwa, in aka cire mutum ɗaya, kuma wannan ɗayan a cikin gidanta yake.

Munira ce ƴarta ta fari. Ramlatu kuwa tashin ƙauyen Durum ce, inda har yau ake riƙe da kunyar ɗan fari da hannu biyu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. Ramlatu ta riƙe wannan fiye da yadda aka koya mata ma. Ko ƴar maƙwabta mai suna Munira ba ta kira, sai dai ta ce mai sunan waccan. Ana yaye yarinyar aka kai ta wurin kakarta, Inna Ummul Khairi, mahaifiyar Ramlatu, wadda ke zaune a unguwar Garin Malam gidan ɗanta. Can ta girma. Kakar take kira Inna, uwar da ta haife ta kuma Yaya, yadda ta ji kawunnanta na faɗa. Ita kuma Ramlatu in magana ta kama dole sai ta ce Ta Inna. Mutanen unguwa Maman Aliya suke ce mata, da sunan ƴarta ta biyu, wadda take goyawa, ta tsokana, ta zaga, ta rungume yadda ta ga dama.

Kada wani ya ce ba ta son yarinyar. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin kwanon da ke fita daga gidanta zuwa Garin Malam ba. Duk tsokar da ta fi kyau a tukunya cikinsa take shiga, sai ta ce, “A kai wa Inna,” alhali duk Damagaram an san Inna ba ta da haƙorin tauna nama. Tsohuwar ta gane, ba ta taɓa tona ta ba. Ramlatu da Inna sun yi kama ƙwarai, har muryarsu ɗaya ce, in suka kira waya sai an tambaya wace ce. Bambancinsu shi ne Inna ba ta da wata kunya da za ta kiyaye. Da safe takan zauna da jikarta a kan ƙwaryar kunu da ludayi guda, ta sha ɗaya ta miƙa mata, tana cewa, “Ni ɗaya, ke ɗaya.” Haka suke yi har Munira ta kai ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, tana shirin bak, jarrabawar fita.

Inna ta rasu ranar wani babban biki a Sabon Gari, wanda Ramlatu ta yi wa girki. Zazzaɓi ne take ɗan fama da shi, ba wanda ya ɗauke shi abin tsoro. Ita da kanta ta kori Munira, ta ce ta je ta ci dambu ta kawo mata labari. Munira ta je, ta dawo da la'asar da kwano a hannu, ta tarar da ita kwance kamar mai barci. Bayan sadakar arba'in aka kwaso kayan yarinyar aka maido ta Birni, aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure.

Nan ta fara azumi. Da farko Litinin da Alhamis, ta ce ladan na Inna ne, kowa ya sa mata albarka. Sai ta ƙara da kwanakin tsakiyar wata. Sai ya zama yau azumi gobe hutu. Daga baya ranar hutun ma sai ta ce tana ramuwa, ko ta ce ta ci a lakwal, wato makaranta. Ba ta fitina, ba ta kuka a gaban kowa, ba ta rabuwa da carbi da littattafanta. Matan unguwa suka fara yi wa ƴaƴansu gori da ita.

“Maman Aliya, ai ke waliyiya kika haifa,” in ji Balaraba, maƙwabciyarta, wata rana suna tsince shinkafa. “Namu na can suna latse-latsen waya, taki na neman lahira.”

Ramlatu ta kau da kai, kamar yadda ya kamata uwa ta yi. “Wa? Waccan? Ku dai kuke ganinta.”

A ranta kuwa daɗi ne ya cika ta, har ta ƙara wa Balaraba alkaki da za ta tafi.

Kullum in rana ta faɗi sai ta zuba abinci a kwano, ta ajiye bakin ƙofar ɗakin, ta ɗaga murya ta ce wa iska, “A ɗauki kwano.” Hannu ya fito daga bayan labule ya ɗauka. Da safe kwanon ya dawo wankakke, a kife. Kajin gidan suka yi ƙiba har suna tafiya da ƙyar. Wannan kam Ramlatu ta lura da shi, har ta yi wa mijinta Alkasum zancen, ta ce bana kaji sun yi albarka. Alkasum baduku ne, in ba ya rumfarsa yana ɗinkin jaka to yana hanyar Kano wajen sayen fata. Shi ya fara cewa yarinyar nan ta rame, shi kuma ya ba kansa amsa, ya ce karatu ne, bak ce ke cin ta, in an gama za ta murmure.

Bazara ta shigo da zafin nan na Damagaram da ke sa duwatsun gari su ƙi taɓuwa, amma Munira ba ta fita sai da riga mai dogon hannu ƙarƙashin hijabi, wani lokaci har da safa, ta ce sanyi take ji. Wata rana Ramlatu na wanki ta ga tabon jini a hannun wata rigarta, daga ciki. Ta tashi da rigar a hannu, kumfa na ɗiga, ta je har bakin labulen ta tsaya. Tambayar ta zo mata har kan harshe. To amma ta ina za ta fara? Mutumin da ba ka iya kira, yaya za ka ce ya nuna maka jikinsa? Ta yi gyaran murya, ba a amsa ba. Sai ta koma ta zauna, ta ƙara sabulu, ta cuɗa wurin har tabon ya fita.

Tana gidan suna, tana tuƙin tuwo, aka kira ta daga lakwal aka ce yarinya ta faɗi a cikin aji, an wuce da ita asibiti. Ta saki muciya a tukunya, ta hau kabu-kabu da zanen girkinta, Balaraba ta biyo ta a baya.

Ma'aikaciyar da ta karɓe su ta dube ta ta ce, “Ke ce uwar? Yaya sunan yarinyar?”

Ramlatu ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Balaraba ce ta faɗa.

Munira na kwance idanu a rufe. Aka naɗe mata hannun riga don a sa mata ƙarin ruwa. Rabon Ramlatu da ganin wannan hannun tun yarinyar na tsalle-tsalle a tsakar gidan Inna. Bai fi muciyarta kauri ba. Kuma ga tabbai jere a kansa, wasu sun daɗe da warkewa, wasu sababbi. Ba wanda ya gaya mata, ta gane ba wani ne ya yi mata ba. Ta zauna a ƙasa nan inda take.

Balaraba ta kama salati, ta ce wannan ba yin mutum ba ne, ko iska ko sammu, a nemo rubutu tun da wuri. Likitar da ke duba yarinyar, wata mace mai furfura a goshi, ƴar Zango, ta bar ta ta gama, sannan ta ja Ramlatu gefe ta ba ta kujera.

“Maman Munira,” ta ce.

Ramlatu ta waiga ta ga ko da wata ake. Ba a taɓa kiranta haka ba.

“Ki saurare ni da kyau. Ƴarki ba ta da lafiya. Ciwo ne, muna da sunansa a littafi, kuma ba ita ce ta farko da na gani a garin nan ba. Na ga ƴan mata, na ga samari. Damuwa ce take yi wa mutum yawa har ta hana shi ci, tun yana iya tsayar da abin har abin ya fi ƙarfinsa. Wannan na hannunta ma daga nan ya fito. Zafin da ke ciki ne ta rasa inda za ta kai shi. Ba taurin kai ba ne, ba neman a kula ta ba ne, kuma kada in ji wani ya ce mata mahaukaciya.”

“Azumi take yi, likita,” in ji Ramlatu, muryarta ƙasa-ƙasa. “Mun ɗauka ibada ce.”

“Na sani. Da ta ce ba ta jin yunwa, da tuni kin ɗaga hankali. Ta ce azumi, wa zai hana? Addu'a kam ku ci gaba da yi, muna bukatarta. Amma zuciyarta ta yi rauni ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. In ba ta koma cin abinci ba, za mu iya rasa ta. Za mu fara da kaɗan-kaɗan, don jikin ba zai ɗauki da yawa lokaci guda ba. Akwai wata abokiyar aikina da za ta riƙa zama da ita suna magana. Ku kuma ban da faɗa, ban da ɗura, ban da sa ta rantsuwa. Abin da nake so, mutum guda nata na jiki ya zauna da ita duk lokacin cin abinci, ya ci tare da ita, ya yi mata hira. Wa ta fi sakewa da shi?”

“Ta rasu.”

Likitar ta ce, “To sai ke.”

Ramlatu ta ce to. Amma ba ta shiga ba. Abin da ta iya shi ta yi. Ta kafa murhu bayan ɗakin marasa lafiya, ƙarƙashin darbejiya, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, ta shiga girki kamar za a aurar da ƴar sarki. Farfesun kaza, fura mai laushi da nonon Fulani, kunun gyaɗa, faten wake. Likita ta ce wannan ya yi yawa, ta rage. Sai ta ba Balaraba ta kai, ko ta ba Alkasum, wanda ya dawo daga Kano ido jajir. Ita ta zauna waje tana jiran kwano. Yanzu ba kaji, don haka kwanon ya riƙa dawowa yadda ya shiga. Sauran masu jinya suka ci suka ƙoshi, suna sa mata albarka, ita kuwa kowace albarka kamar mari take jin ta.

Alkasum ya kawo malaminsu na unguwa, dattijo mai sanyin magana. Ya zauna ya gaya wa Munira cewa jikinta amana ne, kuma Allah bai ɗora wa mara lafiya azumi ba, balle na nafila. Ya ce in lada take nema wa kakarta, ga addu'a, ga sadaka. Munira ta ce, “To, Malam. Na gode.” Da aka kawo kunu ta dube shi, ta juya fuska bango. Ramlatu ta ji labari ta ce wa mijinta a fusace ita ba ta san me yarinyar nan take so ba, an yi magani, an yi wa'azi, an yi girki. Alkasum ya dube ta kamar zai yi magana, sai ya fasa. Shi ma ɗan fari ne a gidansu.

Wata rana da hantsi tana wanke tukunya ƙarƙashin taga, sai ta ji muryar Munira daga ciki. Da matar nan mai zama da ita take magana. Ya kamata Ramlatu ta tashi, ta san haka, amma ta kasa. Ba ta taɓa jin ƴarta ta yi doguwar magana ba.

“Na ce ina gama ci zan koma,” in ji Munira. “Na cinye, har na ɗauki takalmina. Sai aka kawo mini wani kwanon. Dambun ya yi daɗi, madam. Na zauna na cinye shi tas, ina ta dariya da ƙawayena. Maƙwabta sun ce sun ji Inna tana kirana. Ina can ina ƙari. Yanzu in na kai abu baki sai in ji kamar na sake barinta ita kaɗai.”

“Kin taɓa gaya wa mamanki wannan?”

“Yaya?” in ji Munira. “Yaya tana da kirki. Ba ta taɓa zagina ba. Amma ba ma magana. Kwano take ajiye mini.”

Ramlatu ta saki soson ƙarfen da ke hannunta. Ta tuna ranar sarai. Tana bakin murhu ta hango yarinyar can cikin ƴan mata ta suɗe kwano tana neman takalmi. Ta ji daɗin ganin dambunta ya shige ta. Ta cika wani kwanon, ta tono tsoka daga ƙasan tukunya ta binne a ciki, ta ce wa wata mai rabo, “A ƙara wa waccan,” ta juya baya don kada a ga tana kallo. Iyakar abin da ta iya yi mata ke nan tun da ta haife ta. Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mara sauti, irin wanda ko ranar mutuwar Inna ba ta yi ba, har wata mai jinya ta zo ta dafa ta tana tambaya ko an yi rasuwa ne.

Da azahar ta dama kunu, tsararo, daidai yadda likita ta ce. Ta aika Balaraba gida ta ɗauko mata ƙaramar ƙwarya da ludayi guda cikin kayan Inna. Balaraba ta miƙo hannu za ta karɓa ta kai, Ramlatu ta ce ta bari.

Munira na kwance ta ba ƙofa baya. Ramlatu ta zauna bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ga ƙashin kafaɗar yarinyar ya turo riga. Ta ga gashinta ya zube a gefen kunne. Ta motsa leɓe, sunan ya tsaya mata a maƙogwaro. Akwai mata biyu a gadajen gefe da masu jinyarsu, duk suna iya ji. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, kamar an tuɓe ta a kasuwar Dole.

“Munira.”

Yarinyar ta juyo da sauri, saurin da ba wanda ya zaci ya rage a jikinta. Fuskarta ta yi haske, irin na yaron da aka zo ɗauka daga gidan baƙi.

“Inna?”

Sai ta ga wadda ke zaune. Ramlatu na kallo hasken nan ya janye a hankali har ya ƙare. Ta ga abubuwa masu ciwo a rayuwarta, amma ba ta taɓa ganin kamar wannan ba, kuma ba ta kau da kai ba.

Daga baya Munira ta ce, ba da fushi ba, kamar mai mamaki kawai, “Ashe kin san sunana.”

“Ni na zaɓe shi,” in ji Ramlatu. “Ni na raɗa wa babanki tun kina ciki.” Ta gyara riƙon ƙwaryar. “Kwanon nan na biyu, ranar bikin, ni na ce a kai miki. Na ga kina shirin tashi, na so ki ƙara. In akwai laifi, nawa ne. Kuma babu laifi, Munira. Kwanan Inna ne ya ƙare. Ke yarinya ce da ta ci dambu a gidan biki.”

Hawaye suka gangaro wa Munira zuwa cikin kunne, ba ta share ba. Ta ce, “Ba na iyawa, Yaya. Wallahi ina so. Ba na iyawa.”

“Na ji. Ba zan tilasta miki ba. Ina nan.”

Ta ɗora ƙwaryar a cinya. Kunun ya fara hucewa, ya yi fata a sama, ta kawar da ita da bayan ludayi. Ta ɗebo ta sha, ita ma rabonta da abin kirki tun ranar da aka kawo su. Sannan ta sake ɗebowa, rabin ludayi, ta miƙa.

“Ni ɗaya,” ta ce. Sauran maganar ta ƙi fita.

Munira ta dubi ludayin, ta gane shi, har da inda Inna ta ɗinke tsagewarsa da zare. Ba ta karɓa ba, ba ta kuma juya bango ba. A waje aka kira sallah, masu jinya suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna neman buta. Hannun Ramlatu ya fara sagewa, wannan hannun da ke tuƙa tuwon mutum ɗari bai gaji ba, kunun na ɗan ɗiga a kan zanenta. Ta tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun, ta ci gaba da miƙawa.